Basilla a Ƙofar Eliyasaf

Akwai laifin da ya fi sata muni. Shi ne mutum ya miƙa wa Allah abu da hannun dama ranar da wuƙa take wuyansa, ranar da aka ɗage wuƙar kuma ya sa hannun hagu ya karɓe abinsa. Tuban muzuru ke nan, yana tuba yana leƙen akurki. Laifin nan ne ya ci sarkinmu, ya ci Urushalima, ya zaunar da mu a bakin magudanan ruwan Babila muna buga wa baƙi tubali. Yaran da aka haifa a nan sukan ce Ubangiji ya shammace mu. Ƙarya suke yi. Tun zamanin kakanni ake karanta mana sharuɗɗan alkawari a manyan idi: in kun riƙe, ƙasa taku ce, in kun saki, za a kwashe ku, har da sarkin da kuka naɗa wa kanku, a kai ku cikin mutanen da ba ku jin harshensu. Mun ji da kunnenmu. Mun kuma ga an tafi da wani sarkin namu shekarun baya, shi da fadawansa, muka ce ai nasa laifin ne. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ba wanda ya shafa wa nasa ruwa.

Fada tana da nisa da unguwarmu, ba zan cika ku da abin da ban gani ba. Labarin maƙwabcina zan ba ku, Eliyasaf, mai kula da rumbunan man zaitun na sarki. Abin da sarki ya yi a fada, shi Eliyasaf ya yi a ƙofar gidansa, maƙerata kuwa tana kallon ƙofar nan.

Eliyasaf yana da 'ya'ya maza biyu, da gonar zaitun a bayan ganuwa, da bawa mai suna Gaddiyel, mutumin Tekowa, ɗan Yahuda kamarmu. Ubansa ne ya kawo shi a wata shekarar fari don kada yaron ya mutu a gabansa. Dokarmu a fili take: ɗan'uwanka ya yi maka bauta shekara shida, ta bakwai ka sake shi, kada kuma ka sallame shi hannu wofi. Shidan Gaddiyel ta cika, ta sake cika, gemu ya fito masa a gidan nan, ba wanda ya ta da zancen. Eliyasaf ya aura masa wata baiwar gidan, Tirza, ta haifa masa 'ya mace. Shi ke matse zaitun ɗin gonar, har tafin hannunsa ya zama kamar ƙirgi. In ka zauna da shi kaɗan, zancensa ɗaya ne: tsofaffin itatuwan zaitun da ubansa ya mutu ya bari a kan tudun Tekowa, da yadda zai koma ya sassabe gindinsu.

Sai Kaldiyawa, mayaƙan sarkin Babila, suka zo suka yi wa birni ƙawanya. Sha'ir ya yi tsada, daga nan ya ɓace. Da wuya ta kai wuya, sarki ya tuna da Allah. Aka yi shela kowa ya hallara a Haikali, ɗakin Allah, za a sabunta alkawari, kowane mai gida zai saki bayinsa na cikin 'yan'uwa, mace da namiji.

Aka jawo maraƙi, abin da aka daɗe ba a gani ba, har yara suna haɗiyar yawu. Firist, mai hidimar Haikali, ya tsaga shi biyu daga kai har wutsiya, aka ajiye rabi a dama, rabi a hagu, jini ya kwanta a tsakani. Sarki ne ya fara bi ta tsakiya, sai hakimai, sai firistoci, sai masu gidaje. Ba wanda bai san ma'anar tafiyar nan ba: in na karya, a yi da ni yadda aka yi da wannan dabba. Na ga Eliyasaf ya tattare gefen rigarsa har gwiwa don kada ta ɓaci. Rigar ta tsira. Takalmansa suka sha jini.

Uwarsa Abihayil tana da rai a lokacin, tsohuwa ce makauniya, amma harshenta garau yake. Da ya dawo ya tarar da ita a bakin ƙofa tana shan hantsi.

Ta ce, "Ka bi ta tsakiya?"

"Na bi, Inna."

"Miƙo takalman."

Ta shafa su, ta kai hanci. "To, ɗana. Kada kowa ya wanke su. A rataye su a saman ƙofa, kullum za ka fita ka gan su."

Ya yi dariya. "Inna, ƙuda za ki tara mana. Baki uku fa na rage wa tukunya, shi ke nan. Su je sarki ya ciyar da su."

"Rage murya," in ji ta. "Wanda ka yi wa rantsuwar ba kurma ba ne."

A ranar nan Gaddiyel ya fita da Tirza da 'yarsu da tabarma ɗaya. Ko tulun mai ba a ba shi ba. Ya leƙo maƙerata ya ce, "Baba maƙeri, yau in na zauna ba mai ce mini tashi." Ya zauna a kan dutse, can ya miƙe da kansa yana dariya, wai zaman ya gundure shi. Suka kafa 'yar bukka a jikin ganuwa, yana ɗaukar wa masu tsaro duwatsu suna ba shi gutsuren gurasa. Yunwar da ya sha a nan ta fi ta gidan Eliyasaf, amma na ga ya fara tafiya kai a ɗage.

Ba a daɗe ba labari ya zo rundunar Masar ta taso za ta kawo mana ɗauki. Wata safiya muka hau ganuwa muka ga sansanin Kaldiyawa fayau, sai toka da kashin dawaki. Mata suka yi ta guɗa. Aka buɗe ƙofofin birni. Talakawa suka ce Ubangiji ya karɓi alkawarin. Masu gonaki kuwa suka fita suka ga zaitun ya nuna yana zuba ƙasa, ba mai tsincewa, sai murnarsu ta koma ciki. Fada ce ta fara. Dogarai suka bi unguwa unguwa suna tattaro bayin sarki da aka saka. Da hakimai suka ga haka, ba wanda ya jira a ce masa yi. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha.

Eliyasaf ya fi su wayo, irin wayon da ke kai mutum rami. Ya ce shi mai bin doka ne, ba zai karya rantsuwa ba. Bai taɓa Gaddiyel ba. Ranar da Gaddiyel ya ɗaure kaya zai kama hanyar Tekowa, ya je ɗebo ruwan guzuri, ya dawo ya tarar da bukka ba kowa. Barorin Eliyasaf sun tafi da Tirza da yarinyar.

Ya iso ƙofar gidan a guje, salkar ruwa a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe, ina iyalina?"

"Iyalinka?" in ji Eliyasaf. "Af, ɗan Tekowa, da mata ka zo ranar da ubanka ya kawo ka? Da ɗan bante ka zo. Ni na ba ka ita. Doka ta ce matar da maigida ya ba bawansa, ita da abin da ta haifa na maigida ne. Kai kam ɗa ne yanzu. Ga hanya nan, a gaida mutanen Tekowa."

"Amma a Haikali an ce mace da namiji. Da kunnena na ji. Kai ma ka bi ta cikin jinin."

"Na bi, na kuma sake ka. Ko na riƙe ka ne? Jama'a, akwai wanda ya ga igiya a ƙafarsa?"

Daga cikin gida ana jin yarinyar tana kiran ubanta.

Eliyasaf ya sassauta murya kamar mai ba da shawara. "Akwai hanya, in kana so. Ka san ta. Bawan da ya ce yana ƙaunar maigidansa da iyalinsa, ba ya son fita, doka ta yarda ya zauna. Sai dai da bakinsa zai faɗa, gaban dattawa. Ni ba na tilasta wa kowa."

Hanyar kuwa ita ce basilla. A tsai da bawa a jikin ƙofa, a huda kunnensa har tsinin ya shiga itace. Daga ranar ba shi da shekara ta bakwai, bawa ne har kabari. An yi dokar ne don wanda ya ji daɗin gida ya ƙi tafiya da kansa. Eliyasaf ya mai da ita tarko.

Gaddiyel ya tsaya a wurin har inuwa ta juya. Sannan ya sauke salkar ya ce, "A kira dattawan."

Aka samo dattawa biyu daga ƙofar birni, irin waɗanda tulun mai ɗaya ke gyara musu ji da gani. Aka aro basilla wurin baduku. Abihayil ta fito tana laluben bango.

"Eliyasaf, me nake ji haka?"

"Koma ciki, Inna, maganar maza ce."

"Ni na haifi namijin. Ina takalman da na ce a rataye?"

"An wanke su tuni."

"Fata ka wanke. To, buɗe kunnenka. Ina yarinya aka karanta mana sharuɗɗan nan, manyan maza suna kuka suna yage riguna. Bayi muke a Masar aka fito da mu, shi ya sa aka hana mu riƙe juna. Ranar da muka mai da 'yan'uwanmu bayi, Wanda ya fito da mu bai manta hanyar mai da mu ba. Kai ga mai wayo, an tsaga maraƙi ka dawo da basilla za ka ɗinke. Ba ya ɗinkuwa, ɗana."

"Kaldiyawa sun tafi, Inna."

"Sun tafi, ko an ɗan janye su ne a ga abin da za ku yi?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya. "Uwa, rana tana yi. A bar mu mu gama."

Gaddiyel ya jingina kansa da itacen ƙofa. Dattijon ya ce masa, "Faɗi."

"Ina ƙaunar matata da 'yata."

"Ka tsallake na farko."

Yarinyar ta sake kira daga ciki.

"Ina ƙaunar maigidana. Ba zan fita ba."

"Da ƙarfi," in ji Eliyasaf, "maƙwabta su ji."

Ya maimaita, muka ji. Eliyasaf ya kama kunnen dama ya danna basilla da dukan ƙarfinsa, har sai da ya tokare ƙofar da ƙafa kafin ta zaru. Gaddiyel bai yi ƙara ba. Tirza ce ta yi, daga cikin gida. Washegari da kumburarren kunne ya tafi tsintar zaitun.

Man shekarar ya yi kyau. Ba a gama zuba shi a tuluna ba Kaldiyawa suka dawo. Mutanen Masar sun ga abin ya fi ƙarfinsu sun koma gida. Aka sake rufe ƙofofi, wannan karon ba wanda ya yi zancen maraƙi. Babu maraƙin, babu kuma fuskar da za a kai Haikali. Masu gargaɗi ba su yi shiru ba, amma wanda ya fi su naci a kurkuku sarki ya ajiye shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Yunwar da ta biyo baya ba na son ba da labarinta. Abu ɗaya zan faɗa: takalman nan da aka wanke, an dafa su an ci a gidan Eliyasaf. Abihayil ta riƙa tura ɗan rabonta gaban 'yar Gaddiyel tana cewa ta ƙoshi, har ta mutu. Kabarin kakanninsu yana bayan ganuwa, ba halin zuwa, a tsakar gida aka tona aka sa ta. Babban ɗan Eliyasaf kibiya ta same shi a kan ganuwa.

Daga ƙarshe aka fasa ganuwar. Sarki ya sulale da mayaƙansa ya bar mu, aka kama shi a filayen Yariko. Abin da aka yi masa labari muka ji, daga baya muka gani a hanya: an yanka 'ya'yansa yana kallo, sannan aka cire masa idanu, aka sa masa mari. Ƙafafun da suka fara bi ta cikin jinin maraƙi, su aka fara ɗaurewa.

Sai aka ce kowa ya hallara a filin ƙofar birni za a tantance. Hakimai da ma'aikatan fada da masu sana'a, irinmu maƙera, za a tafi da su Babila. Talakawan da ba su da komai za a bar su, a raba musu gonaki su riƙa yi wa sabon mai ƙasa noma.

Da safiyar ranar ina tattara 'yan ƙarafuna na hangi Eliyasaf a bakin ƙofarsa. Ya tuɓe rigarsa ya sa tsumma, ya shafe jiki da toka, ya cire zoben hatimin fada ya binne. Basilla ce a hannunsa.

"Gaddiyel, ɗan'uwana, zo."

"Yau ni ne ɗan'uwa, ranka ya daɗe?"

"Bar ranka ya daɗen nan, za ka sa a kashe ni. Ungo. Huda mini. In sun tambaya, mu biyu bayin gidan ne, maigida ya mutu a kan ganuwa. Rabin gonar naka ne. Kai, duka ma."

Gaddiyel ya dubi basillar, ya mai da hannuwansa baya. "Ban iya ba. Ni yi mini aka yi, ban taɓa yi wa wani ba. Ga shi kuma ba dattawa."

"Waɗanne dattawa? Dattawan sun mutu!"

"To wa za ka ce kana ƙauna?"

Eliyasaf ya zage shi, ya zagi Tekowa da itatuwanta. Sannan ya jingina kansa da ƙofar, ya lalubo tsohon ramin da basilla ta bari a itacen, ya huda da kansa. Tsinin ya goce ya yage gefen kunnen. Ya yi ihu kamar akuyar da aka taka. Ya dumbuzo toka ya danna don jinin ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A filin, wani shugaban Kaldiyawa yana zaune a inuwar bango, tafinta a tsaye kusa da shi. Sunan tafintan Zakkur, mutumin Lakish, tsohon bawa ne da ya gudu wurinsu. Bai san mutanen birni da fuska ba, don haka hannu yake dubawa da kunne.

Da aka zo kan Gaddiyel, Zakkur ya juya masa kai. Hudar ta daɗe da warkewa, ta bushe, har haske yana ratsa ta. Ya murza tafin hannunsa ya ce, "Wannan kam an daɗe ana shan jininsa. Koma dama. Matarka ce wannan? Ku bi shi, ke da yarinyar."

Eliyasaf ya matso a sunkuye. "Ni ma bawa ne. Gidanmu ɗaya da shi."

Zakkur ya dubi kunnen, tokar ta jiƙe ta yi ja. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Sannu, baba! Yau aka yi wa kunnen nan kaciya? Kawo hannu."

Tafin hannun kamar na jariri. A yatsa kuma ga farin zagaye inda zobe ya daɗe yana zaune.

"Kai, zaitun ɗin gidanku akwai laushi. Kai ke matse shi, ko shi ke matse ka?"

Mayaƙan suka yi dariya, ko da yake ba su ji abin da ya ce ba.

"Aikin cikin gida nake yi," in ji Eliyasaf. "Maigidanmu mai tausayi ne."

Shugaban ya yi magana da harshensu. Zakkur ya yafito Gaddiyel ya dawo.

"Shugaba ya ce kai za ka raba gardama. In abokin bautarka ne, ku tafi dama tare. In kuwa aka gano ƙarya ka yi, ku tafi hagu tare, har matar da yarinyar. Wane ne wannan?"

Eliyasaf ya ɗago idanu. "Gaddiyel, tuna da gurasar gidana."

Gaddiyel ya dubi Tirza, tana riƙe da yarinyar da ta rame har ba ta iya tsayuwa. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa.

"Maigidana ne, Eliyasaf, mai rumbunan man sarki. Gaban dattawa biyu ya sa na faɗa, da ƙarfi, maƙwabta suka ji. Ga maƙerin unguwarmu can a layi, a tambaye shi. Abin da na faɗa a bakin ƙofa ba zan musa shi yau ba."

Ba a ko tambaye ni ba. Aka ja Eliyasaf hagu aka zura masa igiya a wuya.

Ta inda aka fasa ganuwa suka fitar da mu. Rabin bango a dama, rabi a hagu, ƙasar tsakani ta yi baƙi da jinin waɗanda suka faɗi a wurin. Eliyasaf yana gabana a igiya ɗaya. Da ya kai tsakiya ya tsaya cik. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Na ga hannunsa ya sauka ga gefen tsummansa kamar zai tattare. Gindin mashi ya tura shi gaba.

Waɗanda aka kawo daga baya sun ce an bar Gaddiyel ya koma Tekowa da iyalinsa, yana noman itatuwan ubansa, yana ba Kaldiyawa rabonsu.

Ga kuma abin da Eliyasaf ya biya don man kaka ɗaya. Gidansa an ƙone shi, har ƙofar. Gonar zaitun an raba wa bayin wasu. Babban ɗansa yana ƙarƙashin duwatsun ganuwa. Ƙaramin an zare shi daga igiya a hanya aka tafi da shi fadar Babila, aka sake masa suna, uban bai ƙara ganinsa ba. Uwarsa tana kwance ƙarƙashin toka, ba mai sanin wurin. Zoben da ya binne yana can ga wanda ya tsinta. Kunnen ya ruɓe kafin mu kai babban kogi, wani wanzami ya yanke shi, tun daga nan ba wanda ya sake kiransa Eliyasaf sai Mai Kunne Ɗaya. Sauran kwanakinsa ya ƙare su yana ɗaukar wa wani Bakaldiye laka, a ƙasar da ba a san shekara ta bakwai ba.